Eka biyu ta koma hekta 0.805, an cuce mu ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar filaye ku agaza, magana na neman raba mana zumunci. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona a wajen Dakace. Tsohuwar takardar cinikin da muka samu a adakarsa, har gara ta ci gefenta, cewa ta yi eka biyu. Da za a raba gado muka ɗauko mai safiyo, ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku ya wuni a rana. Bayan mako ya kawo zane, an rubuta hekta 0.805, a ƙasa kuma murabba'in mita 8,050. Yayanmu na gani ya miƙe tsaye, wai ta yaya biyu za ta koma ko ɗaya bai cika ba, lallai an haɗa baki da maƙwabcin gona. Ni na kawo mai safiyon, don haka ni ake harara. Ga dillali yana ta sintiri, wai fuloti 17 zai fitar mana. Wa zan gaskata?

Wani ɗalibi daga Samaru:
Wa alaikumus salam Yaya. Kwantar da hankalinka, ko taku ɗaya ba a ci muku ba. Mudu ne ya bambanta. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuwa 10,000, wato hekta ta kusa eka biyu da rabi. Eka biyu ke nan 8,094. Naku 8,050, bambancin 44 kacal.

Tsohon ma'aikacin safiyo, Tudun Wada:
Yaron nan ya yi daidai. Ɗana, bari in ƙara maka. Mu da muka fara aiki, sarƙar ƙarfe muka tarar ana ja, wadda Turawan Ingila suka zo da ita. Tsawonta ƙafa 66, gaɓa 100, a lissafin yau mita 20 da ɗan ɗoriya. Sarƙa goma a tsaye, ɗaya a kwance, ita ce eka, shi ya sa ta zo da lamba mai wuyar riƙewa, murabba'in ƙafa 43,560. A shekarun 1970 ƙasa ta koma mita, amma bakin mutane bai koma ba har yau.

To kuma ina kyautata zaton gonarku ko sarƙar ba ta gani ba. Cinikin ƙauye da igiya ake yi ko da taku, a gaban mai unguwa. Igiya tana miƙewa, in ta sha raɓa ta ɗaure, takun dogo kuma ba na gajere ba ne. A ce an auna haka amma aka samu kuskuren 44 kaɗai, wallahi wanda ya ja igiyar nan ya ji tsoron Allah. Abin da za ka duba ba lamba ba ce, iyaka ce. Bishiyar da Baba ke nuna muku da kunyar da ta raba ku da maƙwabci, suna inda turakun mai safiyo suke?

Wata Hajiya daga Sabon Gari:
Ni dai dillalin nan zan ja maka kunne a kansa. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 464 ne da rabi. In ka raba 8,050 da shi, e, 17 za ka gani, a takarda. Ina hanya? Ta sama masu siya za su riƙa shiga gidajensu? Cire titi da lunguna tukuna ka ga abin da zai rage. Sannan a kula, ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, don haka 50 da 100 shi ne mita 15.24 da 30.48. Ni an taɓa yanka mini 15 da 30 cif, aka ce ai duk ɗaya ne. Sai da magini ya zo fitar da harsashi muka gane murabba'in mita 14 sun tafi, ɗaki guda sukutum.

Wani malamin makaranta:
Ku guji kalmar kadada wajen rabon. Wani in ya ce kadada eka yake nufi, a rediyo kuma sau da yawa hekta ake nufi. Ku kai wa malamin da zai raba gadon lambar 8,050 ɗin nan, ya fitar wa kowa nasa da mita. In za ku nemi takardar mallaka a KADGIS ma, wato hukumar filaye ta Jihar Kaduna, da mita za a yi muku magana.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Baba, dorawar tana nan, turken na gindinta. Na karanta wa Yaya duka, ya ɗan sauko, amma ya ce sai ya ja tef da hannunsa ranar Asabar. Wa ke da dogo ya ara mana?

Hajiyar Sabon Gari:
Turo yaro shago ya karɓa, mai mita 50 ne. Fuska ɗaya ƙafa ce, ɗaya mita, ka tsaya kusa da yayan naka ka ga wacce yake karantawa.