Don Allah a taimaka: giyar motata tana maƙalewa a ribas

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu mota da makanikai na wannan zaure. Don Allah ina neman shawara, abin nan ya fara damuna sosai. Motata mai giyar hannu ce, giya biyar da ribas, kulocinta na mai ne ba na waya ba. Kusan sati uku kenan idan na sa ribas sai ta yi ƙarrr kafin ta shiga, ni kuma na ɗauka ba wani abu ba ne na ci gaba da hawa, to jiya da safe na ja baya zan fito daga gida, na taka kuloci har ƙasa zan mayar da ita furi sai sandar giyar ta ƙi motsi kwata-kwata, na ja na ja har hannuna ya yi zafi, ga motar kuma tana ɗan jan jiki baya a hankali duk da ƙafata tana kan kuloci, saura kaɗan in daki ƙofa. Da na tsorata na kashe injin, bayan nan ne ta fita. Yau ma ta sake yi sau biyu. Sauran giyoyin suna shiga, sai dai ta ɗaya ta ɗan yi tauri. Wani makanike da na nuna wa ko bonet bai buɗe ba ya ce giyabos ne ya tafi sai an sauke shi. Gaskiya hankalina bai kwanta ba, da motar nan nake kai yara makaranta. Me kuke gani?

Direban haya:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa abu na farko ka daina jan sandar nan da ƙarfi don Allah. Akwai wani ƙarfe mai kamar cokali mai yatsu a ciki shi ke tura giya, idan ka lanƙwasa shi to ka ja wa kanka sauke giyabos da gaske. Ni na taɓa yin haka da hannuna, na yi nadama.

Wani ɗan zaure:
Ni dai a ganina man giya ne ya ƙare. Ka canja mai kawai za ta saki.

Tsohon makanike:
Malam sannu da jarabawa. Ka riga ka ba da amsar da bakinka ba ka sani ba. Ka ce kana kan kuloci amma motar tana jan jiki baya, kuma da ka kashe injin giyar ta fita. Wannan ba alamar giyabos ba ce, kulocinka ne ba ya saki gaba ɗaya.

Bari in ɗan yi maka bayani yadda za ka gane. Aikin kuloci shi ne ya raba injin da giyabos idan ka taka. To idan bai raba su sosai ba, injin na ci gaba da juya sandar da ke shiga giyabos, haƙoran giya kuma suna danne da juna, ƙarfin injin yana kansu, shi ya sa kake ja ba ta fita. Kana kashe injin nauyin ya sauka, sai ta saki.

Za ka ce to me ya sa ribas kaɗai? Saboda giyoyin gaba kowacce tana da sinkro, wani zobe ne galibi na tagulla da yake daidaita gudun ƙarafan kafin su haɗu, shi yake rufa wa kuloci asiri idan ya fara gajiya. Ribas a yawancin motoci ba ta da wannan zoben. Wata ƙaramar giya ce ake turawa ta shiga tsakanin giyoyi biyu don ta juya tafiyar baya, haƙoranta a miƙe suke ba a karkace ba, shi ya sa ma kake jin mota tana wani kuka idan tana ja da baya. Don haka duk ranar da kuloci ya fara matsala ribas ce ta farko da za ta tona shi, sai giya ta ɗaya ta biyo baya. Kuma ka ga ka ce ta ɗayar ta fara tauri.

Kafin kowa ya taɓa maka noti ɗaya ka yi wannan a fili mai faɗi, ba kowa a baya. Injin a kashe ka gwada shiga kowace giya har ribas ka ji ko suna tafiya lafiya. Sannan ka tayar, ka taka kuloci ka saki da sauri kamar sau biyar ko shida, a na ƙarshe ka riƙe ka sa ribas. Idan ta shiga da sauƙi fiye da da, to iska ta shiga layin man kuloci ko kuma yana yoyo. Ka buɗe bonet ka duba robar man, sannan ka leƙa saman fedal ɗin kuloci ta ciki ka shafa ka ji ko da danshi. Ka dawo ka faɗa mana.

Mai gyaran giyabos:
Baba ya faɗi gaskiya, kuloci nake zargi ni ma. Amma bari in ƙara wani abu saboda masu karantawa da nasu ba irin wannan ba ne. Idan an kashe injin kuma giyar ta ƙi fita duk da haka, ba a tsalle a ce ciki ne. A fara duba wayoyin giya ko sandunan da suka taso daga hannunka zuwa jikin giyabos, bushin ɗin roba da ke bakinsu yana cinyewa ko ya fice, sai ka ga sandar tana lilo a hannunka amma giya na nan a ribas. Yadda ake gane shi, a cire wayar daga jikin giyabos a tura ƙarfen da hannu, idan ya koma furi to ciki lafiya lau, matsalar a waje take. Injin sitin, wato robar da injin ke zaune a kai, idan ya fashe ma yana sa injin ya karkace ya ja wayoyin. Sai an gama duk wannan ba a samu komai ba sannan ake maganar buɗe ciki.

Kuma akwai wanda ba lalacewa ba ce ma. Mutum ya yi fakin a gangare ya bar ta a ribas bai ja birkin hannu da kyau ba, nauyin mota duk ya hau kan haƙoran giya. Wannan ka taka kuloci ƙafarka na kusa da birki, wani ya ɗan tura motar kaɗan ta wajen hawan, za ka ji ta saki.

Wata 'yar zaure:
Yaya don Allah kada ka sake ɗaukar yara a cikinta sai an gyara. Motar da take tafiya kana kan kuloci ba abin wasa ba ce, musamman da safe yara na zagaye bayanta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai jama'a, ƙanwata na ji kuma na ajiye ta. Baba na yi duk yadda ka ce. Injin a kashe duk giyoyin suna shiga sumul har ribas. Da na tayar na yi famfon kulocin sau shida ta shiga ba ƙara ko kaɗan, na jira kamar minti biyu na sake gwadawa ba famfo sai ƙarrr ɗin ya dawo. Man kuma ya sauka ƙasa da layin MIN, ya yi baƙi kamar ba a taɓa canja shi ba. Saman fedal a bushe yake. Amma na sa fitilar waya na leƙa jikin giyabos, akwai wani ɗan ƙaramin silinda mai bututu, robar bakinsa ta jiƙe sharkaf har mai ya ɗiga ya kama ƙura a ƙasansa. Shi ne?

Tsohon makanike:
Shi ne ɗana, kulocin ƙasa kenan, shi ke tura ƙarfen da ke sakin kuloci. Robarsa ta ciki ta mutu tana zubar da mai, iska na shiga, shi ya sa takunka ba ya kaiwa. Kuma ka yi sa'a naka a waje yake, noti biyu ne da bututu. Wasu motocin a cikin gidan kuloci aka saka shi haɗe da boris ɗin da ke danna kuloci ya saki, su kam dole a sauke giyabos kafin a kai gare shi.

A canja shi sabo, ni ban cika son a sa roba kawai ba don idan cikin silindar ya karce zai sake yoyo. A zubar da tsohon man nan duka a sa sabo, ka duba murfin robar man an rubuta irin wanda take sha, DOT 3 ko DOT 4, kada a zuba wani abu daban, kuma kada ya taɓa fenti don yana cinye shi. Sannan a cire iska sosai har fedal ya yi ƙarfi. Abu ɗaya da nake so ka kula da shi da kyau: motoci da yawa roba ɗaya birki da kuloci suke sha. Idan taka haka take, ka sa a duba birkin ma a ranar, kada a ce ai kuloci ne kawai.

Idan an yi duk wannan har yanzu tana jan jiki to sai a koma kan kulocin sama, wato silindar da fedal ke turawa, in shi ma lafiya sannan a yi maganar filet, wato faifan kuloci, da boris.

Mai gyaran giyabos:
Ƙari ɗaya Malam. Sati uku kana sa ribas tana ƙara, haƙoran nan sun ɗan sha wuya. Tunda za ka je gareji ka sa a sauke man giya ka tsaya a wurin ka gani da idonka. Notin sauke man yawanci yana da maganaɗisu a bakinsa, idan ka ga ɗan baƙin gari mai laushi a jiki ba komai, amma idan ka ga gutsattsarin ƙarfe da kake iya ɗauka da yatsa to ka sanar da mu. Wajen zuba sabo a bi abin da littafin motar ya ce, da yawa GL-4 suke so, wani GL-5 ɗin ba ya shiri da zoben tagulla. Kuma daga yanzu ka bari mota ta tsaya cak, ka taka kuloci ka ƙirga uku, ko ka fara shiga ta ɗaya sannan ka wuce ribas.

Mai tambaya:
Alhamdulillah an canja kulocin ƙasa ɗazu, an cire iska, robar ma ashe ɗaya ce da ta birki kuma an duba shi lafiya. Ribas tana shiga tana fita da yatsa biyu. Notin man giya gari ne kawai a jikinsa, ba gutsure. Baba da Oga Allah ya saka da alheri. Sai dai fedal ɗin yanzu yana kamawa a sama fiye da yadda na saba, haka yake ko in koma?

Tsohon makanike:
Haka yake, da can iska ce ta sa yake kamawa a ƙasa. Ka hau kwana biyu kana duba man kowace safiya, in bai sauka ba shikenan.