Zan ba da aikin sabon kwalekwale a Yawuri, ku ba ni shawara

Ɗan Ngaski: Salamu alaikum 'yan uwa. Na tara dubu 400, ina so a haɗa min kwalekwalen katako na mutum biyu, na jefa taru kawai, ba na ɗaukar fasinja ba. Maɗaci ya fi ko kawo? Kuma nawa ake ba da kafin alƙalami?

Mai Taru: Wa'alaikumus salam. Ka ƙara kuɗi ka sa injin Yamaha, filafili ya wuce zamani.

Baban Hassana: Ƙanena, tsaya ka ji. Bara na ba wani masassaƙi rabin kuɗi, ya ce sati uku. Wata huɗu ina zarya. Da ya gama, wallahi gwanin kyau, ya sha fenti. Ashe ɗanyen katako ya sa. Da hunturu ya buge shi sai katakon ya tsuke, bakin haɗi ya buɗe. Na cusa auduga, na shafa kwalta, a banza. Yarona ya daina taya ni jan taru, aikinsa kwarfar ruwa. Shanu na rasa? A'a, akuyoyin matata na sayar, har yau ban iya kallon idonta in an yi zancen.

Mai Taru: Dubu 400 ma ba ta kai ba. Ni 650 na biya.

Basarke: 650 ina? Wana 280 ya biya.

Mai Taru: Wace shekara? Kafin a cire tallafin mai a 2023 ko bayan nan?

Basarke: Kai da ka shigo ruwa jiya! A bar waɗanda suka gada su yi magana.

Na Tudu: Ɗan Ngaski, sayi gora irin ta masuntan Argungu, ba ta yoyo 😂

Baban Hassana: Gado ba ya busar da katako, Basarke. Wanda ya cuce ni ma gadon ya yi. Ƙanena, sayi katakonka da kanka, ka ajiye ya bushe, ka biya kuɗin aiki kawai.

Ɗan Ngaski: Na gode Baba. To maɗaci ko kawo?

Malamin Wara: Ko da ƙarfe aka yi shi, kututturan da ke ƙasan tafkin Kainji tun da aka tare ruwa a 1968 suna nan. Mu da muka ga haɗarin jirgin ruwan da ya nutse kusa da Wara a 2021 mun san abin da ruwa ke yi. Cikinku wa ke da rigar kariya?

Basarke: Wadda ake rabawa a gaban kyamara? Mu dai ba ta iso tasharmu ba.