Me za mu kira "faille" da Hausa?

1/ 'Yan uwa, ina neman taimakonku. Girgizar ƙasa muna da kalmarta, dutse mai aman wuta ma haka. Amma abin da littattafan makaranta na Faransanci ke kira "faille", wato layin da duwatsun ƙarƙashin ƙasa suka rabu, ɓangare ɗaya yana motsi a jikin ɗaya, har yau kowa yadda ya ga dama yake faɗinsa. Ga shi daga nan ne girgizar take tasowa.

2/ Da yawa suna cewa "tsagewar ƙasa". Ban yarda da ita ba. Faɗa wa manomin masakwa a Marwa haka, abin da zai gani a ransa shi ne lakar gonarsa da rani, ta dare har mutum ya zura hannu, ruwan farko ya zo ta haɗe. Wannan a sama take, ta shekara ɗaya ce. Wadda muke magana a kai tana nutsawa kilomita da yawa cikin dutse, kuma ba ta haɗewa.

3/ Wata Hajiya daga Ngaundere ta kawo "ɓaraka". Hajiya, kalmar tana da daɗi, sai dai ɓaraka buɗewa ce, kuma 'yan siyasa sun riga sun cinye ta.

4/ Abin da nake so kalmar ta ɗauka shi ne gocewa. Ku dubi Turkiyya, 6 ga Fabrairu 2023. Ɓangarori biyu na layin Gabashin Anatoliya suna son wuce juna da kusan santimita ɗaya a shekara, amma sun cije. Nauyin ya yi ta taruwa shekaru aru-aru, ranar da dutsen ya kasa riƙewa suka goce da mita da dama cikin ɗan lokaci. Hanyoyi suka karkace, layin dogo ya lanƙwashe, girgiza mai maki 7.8 ta kashe sama da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya.

5/ Don haka nake ba da shawarar "tsagar gocewa". Duk wanda ya taɓa kai yaro wajen mai ɗori ya san bambancin ƙashin da ya tsage yana wurinsa da wanda ya karye ya goce.

6/ Wani malami ya ce me ya dame mu, tunda ba a yi mana irin wannan girgiza a Garwa ba. Allah gafarta Malam, muna da tamu. Wata tsohuwar tsagar gocewa ta ratsa tsakiyar Kamaru daga wajen Fumban zuwa tudun Adamawa, shekarunta kusan miliyan 600, har ana samun ci gabanta a Brazil, tun lokacin da nahiyoyin suke haɗe. Ga jerin duwatsun wuta daga teku har Adamawa. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Haɗarinmu bai kai na Turkiyya ba, amma benaye sai ƙaruwa suke a garuruwanmu, wasu da rodi kaɗan da siminti an tsuke.

7/ Masu Fulfulde da Larabcin Chadi, in kuna da kalmar da ta fi wannan gajarta, ku kawo mu duba. In babu, ni da "tsagar gocewa" zan ci gaba da koyarwa.