Lambobin da ke ƙirjin kakana a wani tsohon hoto

Jikan Ɗan Sanda: Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana game da hoton kakana da muka samu a adakar kakarmu bayan rasuwarta. Hoton baƙi da fari ne, babu kwanan wata a bayansa. Yana sanye da kayan sarki, da igiya uku a hannun riga, sannan a ƙirjinsa akwai lambobi huɗu: biyun farko masu siffar tauraro mai tsini shida, biyun ƙarshe kuma zagayayyu kamar kwabo. A gida ana cewa ya je yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu) kafin ya shiga aikin ɗan sanda, amma wasu sun ce ɗan doka ne na En'e, wato hukumar gargajiya. Ta yaya zan tantance?

Tsohon Sufeto: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙansu. Igiya uku saja ne, biyu kofur. Hafsoshi kuwa anini suke ɗaurawa a kafaɗa, don haka kakanka bai kai can ba a lokacin da aka ɗauki hoton. Taurarin nan biyu ba na aikin ɗan sanda ba ne, na Yaƙin Duniya na Biyu ne, kuma wanda ya bar soja ya shiga ɗan sanda yana da damar ci gaba da sanya su. Ana jera lambobi a ƙirjin hagu, mafi girma tana kusa da tsakiyar ƙirji, saboda haka ta farko kusan tabbas Tauraron 1939 zuwa 1945 ce. Ta biyun ce abin dubawa, domin taurarin yaƙin duk siffarsu ɗaya, rubutun tsakiya da launin ƙyallen ne kawai suka bambanta su. Idan ta Bama ce, labarin gidanku ya tabbata, domin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a can a 1944 da 1945. Amma kada ka yi gaggawa, sojojinmu sun yi yaƙin Habasha a 1941, wanda lambarsa ita ce Tauraron Afirka, kuma tana gaban ta Bama a jeri.

Mai Hoto: Malam, ina ƙara jan hankalinka kan launi. Tsofaffin fim da yawa suna mayar da ja da rawaya su yi duhu, shuɗi kuma ya yi haske, saboda haka kada ka dogara da duhun ƙyalle, ka ƙirga ratsinsa da faɗinsu. Ƙyallen Tauraron Bama yana da faffaɗan ja a tsakiya, gefunansa shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Ka kuma nisanci manhajojin da ke sa wa hoto launi, domin ƙirƙira suke yi.

Malamar Tarihi: A ganina zagayayyun nan biyu sun fi amfani wajen gano shekara. Ɗaya mai yiwuwa Lambar Yaƙi ce, wadda ake ba wanda ya yi kwana 28 a bakin aiki lokacin yaƙin. Ta ƙarshen tana iya zama lambar daɗewa a aikin ɗan sandan mulkin mallaka, wadda aka ƙirƙiro a 1934, ana bayar da ita bayan shekara 18 na aiki ba tare da tabo ba, kuma ana zana sunan mai ita a gefenta, saɓanin taurarin yaƙi da Ingila ta raba babu suna. Idan har ita ce, to hoton ba na shekarun farko bayan yaƙi ba ne. Ka duba bajen hularsa da gilashin ƙara girma, domin siffar kambin sarautar da ke kan baje ta canja bayan hawan Sarauniya Elizabeth a 1952. Batun En'e kuwa, bajen ne zai raba gardama, tun da 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe wuri ɗaya a 1930, bajensu daban yake da na 'yan doka. Idan ka sami lambar rajistarsa ta aiki, ka nufi Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Jikan Ɗan Sanda: Na gode ƙwarai, Baba Sufeto, da ku duka. Na tambayi baffana, ya ce lambobin kansu suna wurin gwaggonmu a cikin wani gwangwani. Ranar Asabar zan je in karanta abin da aka rubuta a tsakiyar tauraro na biyu da gefen ta ƙarshen, in Allah ya yarda.