Abin da aka tattauna kan gyara dagwalon masai kafin a zuba shi a tankin da ake ruɓar da shi don samar da gas

Ga abin da na tsinta:

1. Kowa ya yarda a fara tacewa. Dagwalon da motocin kwasar masai ke ɗebowa a cikin gari cike yake da leda, tsumma da yashi. Yashin kwanciya yake a gindin tanki ya cinye wuri.

2. Dalilin gyaran: ƙwayoyin bakteriyar da ke aiki ba iska sun fi jinkiri wajen farfasa dagwalon tun farko. In an tausasa musu shi, gas ya ƙaru.

3. Nan aka rabu. Wasu na son dafawa da tururi, wajen digiri 165 na kusan minti 30, yana kuma kashe cututtuka. Wasu suka ce da wace wutar? Ni ma nan na tsaya, gaskiya. Masu wannan tambayar sun fi son a jiƙa da soda, amma in ta yi yawa takan kashe ƙwayoyin.

4. Zafin Kano na taimakawa, tunda tankin digiri 35 yake so. Lokacin hunturu sai an lulluɓe shi.

5. Ba saɓani kan ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa: a ware shi, saboda kuromiyom, sinadarin da ake jeme fata da shi, mai cutar da ƙwayoyin.