Neman shawara: mun ce za mu sa aikin bishara a gaba, amma me hakan yake nufi a aikace?

Sakataren ikkilisiya, daga Kaduna:

Ina gaishe da iyayenmu fastoci da dattawa da dukan 'yan'uwa na wannan zaure a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ne sakataren majalisar dattawa a wata ikkilisiya da ke bayan garin Kaduna, kuma ina neman shawararku a kan wata magana da ta raba kan majalisarmu. A taron shekara da ya wuce, ikkilisiya ta amince baki ɗaya cewa daga yanzu za ta sa aikin bishara a gaba da komai, har aka rubuta hakan a littafin taro, aka kuma buga shi a allon ƙofar majami'a. Sai da muka zauna tsara kasafin kuɗin bana muka gane cewa kowa da abin da ya fahimta.

Wasu dattawa suna ganin ya isa mu raya makon bishara, mu tara baiko mai kauri, mu aika wa hedikwata. Wasu sun ce mu ɗauki nauyin mai bishara guda a wani ƙauye mai nisa, inda masu bi kaɗan suke taruwa ba malami. Sauran kuma suna tuna mana cewa majami'armu ta yi wa jama'a kaɗan, mutane suna zama a rumfa a waje, kuma da zarar hadari ya taso sai su watse. A ganinsu faɗaɗa ginin shi ma aikin bishara ne. Kuɗin da ke hannunmu ba zai ɗauki gini da mai bishara a lokaci ɗaya ba.

Akwai kuma wata magana da ta fi damuna. Saurayin da ke riƙe mana makarantar Lahadi, wanda duk yaranmu suka shaƙu da shi, ya shaida wa fasto cewa yana jin kira zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki, daga nan kuma filin bishara. Dattawa da dama sun ce a lallashe shi ya zauna, domin ba mu da kamarsa. An ɗora mini rubuta takardar da majalisa za ta duba a zama na gaba. Ina roƙonku ku faɗa mini, da me ake gane ikkilisiyar da ta sa bishara a gaba da gaske?

Baba Rabaran mai ritaya, daga Jos:

Ɗana, salama gare ka. Ka sa maganar saurayin nan a ƙarshe, amma a wurina ita ce ta farko, domin a kanta ne za a san ko abin da kuka rubuta a allo ya shiga zuciya. Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 13. An ambaci annabawa da masu koyarwa biyar a ikkilisiyar Antakiya, sai Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu, wato mutanen da suka shekara guda cur suna koyar da wannan ikkilisiya, kamar yadda sura 11 ta nuna. Ba a tura waɗanda aka gaji da su ba, ba a kuma tura waɗanda suka rasa aikin yi ba. Ikkilisiyar ta yi azumi da addu'a, ta ɗora musu hannu, ta sallame su, kuma a ƙarshen sura 14 za ka ga sun komo Antakiya sun tara jama'a sun ba da labarin duk abin da Allah ya yi. Ikkilisiyar da za ta iya ba da kuɗi amma ba za ta iya rabuwa da mutumin da take ji da shi ba, da sauranta tukuna.

Mu kanmu ta wannan hanya bishara ta iso mana. A Disamba 1893 ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas da niyyar shiga ƙasashen da ake kira Sudan a lokacin. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuma ya koma gida a 1895, sai a 1902 aka samu kafa tasha ta farko a Patigi. Abin da na fi so ka lura da shi ma ya fi wannan kusa da mu. Ƙungiyar masu bishara ta 'yan ƙasa, wadda aka sani yau da EMS, ta girmi ɗariƙar ECWA kanta, wadda aka kafa a 1954. Iyayenmu sun fara aika mutane tun suna sujada a ɗakunan jinka, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tafi da fartanyarsu suka tafi, suna noma suna wa'azi. Ba su jira sai sun gama gini ba, domin da sun jira, da har yau ba su aika kowa ba.

Duk da haka, kada ku yi gaggawa da yaron. Ku zauna da shi, ku ji yadda kiran ya zo masa, ku dubi halinsa a gida da kasuwa, ku tura shi ya yi 'yan makonni tare da wani mai bishara a ƙauye ya ga yadda zaman yake. In kiran ya tabbata, sai ku ba shi shekara guda ya horar da waɗanda za su gaje shi a makarantar Lahadi. Makon bishara kuwa abu ne mai kyau, ku ci gaba da shi, sai dai kada ya zama shi kaɗai ne lokacin da ake tunawa da waɗanda ke fili.

Matar wani mai bishara, daga Jihar Neja:

Baba, na gode da wannan koyarwa. Ɗan'uwa, ni zan yi magana ne daga wancan gefen, domin mun daɗe a fili ni da maigidana. Idan za ku ɗauki mai bishara, ku ɗauke shi da niyyar shekaru, ku kuma san cewa iyali ne kuka ɗauka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mun ga ikkilisiyar da ta zo mana da motoci a ranar ƙaddamarwa, aka yi waƙoƙi, aka ɗauki hotuna, aka bar mana buhunan tsofaffin tufafi, bayan 'yan watanni kuma alawus ya fara makara, daga baya ya tsaya ba tare da ko kiran waya ba. A daminar wannan shekarar ce ɗanmu ya kamu da zazzaɓi da tsakar dare, mahaifinsa ya goya shi a bayan babur har bakin rafi, ya tarar ruwa ya cika, ya jira gari ya waye kafin ya haye, kuma kuɗin maganin ma sai da muka sayar da akuya. Allah ya tashi kafaɗar yaron, amma maigidana ya daɗe yana tambayar kansa ko waɗanda suka aiko shi suna tunawa da shi.

Waɗanda suka riƙe mu ba masu kuɗi ba ne. Zumuntar Mata ce ta wata ƙaramar ikkilisiya, wadda take aiko da buhun masara bayan kaka, take biyan kuɗin makarantar 'yarmu, kuma duk wata sai ɗaya daga cikin iyayen nan ta kira ni ta tambayi sunayen sababbin tuba domin su yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya biyu daga cikinsu suka zo suka kwana a ɗakinmu, suka sha ruwan da muke sha. Haka Filibiyawa suka yi wa Bulus: sun aika masa da taimako ba sau ɗaya ba yana Tasalonika, da aka ɗaure shi kuma suka tura Abafroditus ya je ya yi masa hidima. Ku rubuta a takardarku wane ne zai riƙa kira, wane ne zai riƙa ziyara, da kuma abin da za ku yi in rashin tsaro ya tilasta wa iyalin barin ƙauyen.

Wani dattijo, daga Kafanchan:

Ina girmama maganar Baba da ta Mama, amma ina so in ce kada a ɗauki masu maganar gini kamar marasa kishin bishara. Waɗanda ruwa yake kora daga rumfa su ma rayuka ne, kuma baƙon da ya jiƙe sau biyu da wuya ya komo na uku. Annabi Haggai ya tsauta wa jama'a saboda suna zaune a gidaje masu kyau, gidan Ubangiji kuwa yana kango. Shawarata ita ce ku raba abin da ya zama dole da abin da yake ado. Rufi da kujeru dole ne, amma tayil da silin na zamani da doguwar hasumiya za su iya jira shekaru. In kuka fara sujada biyu a ranar Lahadi, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci, wataƙila ma ku ga cewa ginin da kuke da shi zai ɗauke ku na wani lokaci.

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar lissafin kuɗi, daga Abuja:

Yallaɓai sakatare, a ɓangaren kuɗi abu ɗaya ne yake kashe irin wannan niyya, wato a ce za a ba bishara abin da ya rage, alhali kuwa a kasafin ikkilisiya ba abin da yake raguwa. Ku tsayar da kaso tun farko, ko da kashi ɗaya cikin goma ne na duk abin da ya shigo, a cire shi kafin a taɓa komai, a ajiye a asusu dabam mai sa hannun mutum biyu, kuma a hana aronsa domin siminti ko bikin yaye fasto. Ku karanta wa jama'a rahoton asusun duk wata uku. Bulus da kansa, a 2 Korintiyawa sura 8, ya yaba wa ikkilisiyoyin Makidoniya da suka bayar cikin matsanancin talauci, a surar kuma ya nuna cewa ya haɗa amintattun 'yan'uwa da aikin kai gudummawar domin kada a sami abin zargi. Ina kuma ba ku shawara ku bi ta hukumar bishara ta ɗariƙarku maimakon ku tura mutum da kanku, domin su ne suke da masu kula da filaye, kuma sun san inda ake da bukata da inda aka riga aka yi yawa.

Wani malamin makaranta, daga Jihar Katsina:

Ni jikan Maguzawa ne, kuma kakana da harshensa ya ji bishara, daga bakin mutumin da ya zauna a ƙauyensu ya yi noma tare da su, yana karanta musu Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka kammala a 1932. Saboda haka abin da zan ƙara shi ne yadda ake zuwa wurin mutane. Wanda za ku aika ya koyi harshensu, ya fara gaishe da mai gari, ya halarci suna da jana'iza, kuma kada a taɓa jin zagin addinin kowa a bakinsa. Kada kuma a mai da magani ko hatsi abin sayen mutane. Asibitin ido na ECWA a Kano da asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar, wanda aka buɗe a 1950, suna duba duk wanda ya zo ba tare da sharaɗi ba, kuma wannan ne ya ba su daraja a idon Musulmi da Kirista.

Ku duba kusa da ku ma. A bayan garin Kaduna akwai iyalai da rikici ya raba da ƙauyukansu, akwai zawarawa da marayu, kuma ikkilisiyar da ba ta san ƙofar maƙwabtanta ba, da wuya ta riƙe amanar ƙauyen da ba ta gani. Game da ƙauyen kuwa, ku sa a ranku tun yanzu cewa wata rana masu bin can za su naɗa dattawansu, su ciyar da malaminsu, su kuma aika nasu mutumin gaba.

Sakataren ikkilisiya:

Allah ya saka muku da alheri, iyayena da 'yan'uwana. Zan ba majalisa shawara mu tsayar da kaso na bishara a asusu dabam, mu taƙaita gini ga rufi da kujeru, mu gwada sujada biyu, mu kuma nemi hukumar bishara ta haɗa mu da iyali guda da za mu riƙe na shekaru. Saura abu ɗaya, Baba. Mahaifiyar saurayin nan mijinta ya rasu, kuma da ɗan albashinsa take ci take biya wa ƙannensa makaranta. Ina tsoron kada mu sallame shi da murna mu bar ta da hawaye.

Baba Rabaran mai ritaya:

Ɗana, da kyau da ka faɗi wannan. In kun aika shi, nauyin gidan ya hau kanku, domin 1 Timoti sura 5 ta ɗauki kula da iyaye da muhimmanci ƙwarai, kuma bai kamata ku sa yaron ya zaɓa tsakanin kiransa da mahaifiyarsa ba. Kafin a yi wata sanarwa a majami'a, fasto da dattijo guda da shugabar Zumuntar Mata su je gidanta, su ji ta bakinta, su lissafa abin da take kashewa na abinci da haya da kuɗin makaranta. Ka sa wannan lissafi a cikin takardarka a ƙarƙashin kuɗin bishara, tare da kuɗin karatunsa, domin majalisa ta ga nauyin gaba ɗaya kafin ta yanke shawara.