Tan 300 na riɗi daga Dawanau zuwa bakin teku: ruwa, dogo ko titi?

Ɗan Dawanau: Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa. Muna da odar riɗi tan 300 da za mu fitar waje a watan Disamba, kuma kuɗin da masu tirela suke nema daga Kano zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ya kusa cinye ribar gaba ɗaya. Wani abokin ciniki ya ce mu gwada kai kayan Baro (tashar jirgin ruwa a jihar Neja) ko Lokoja, mu ɗora a jirgin ruwa ya gangara da su ta Kwara. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa gwada ruwa ko jirgin ƙasa, domin ban so in yi asarar dukiyar mutane.

Hajiya Mai Zoɓo: Wa alaikumus salam. Alhaji, idan akwai ranar da ka yi wa mai saye alkawari, ka riƙe tirelarka, domin ita kaɗai za ka iya kiran direbanta ka ji inda ya kwana.

Injiniya: A lissafin takarda babu abin da ya kai ruwa araha. Tirela tana ɗaukar buhu 600, wato tan 30, alhali baji, wato faffaɗan jirgin dakon kaya da ake turawa a kogi, guda mai tan 1,500 yana ɗaukar kayan tirela 50, kuma jirgin turi ɗaya yana iya tura fiye da baji guda da man da bai kai na waɗannan motocin ba. Shi ya sa hatsin Amurka yake gangarawa ta kogin Misisifi zuwa bakin teku. Amma arahar tana samuwa ne idan kayan suna da yawa ƙwarai, ba a gaggawar su, kuma inda aka ɗauko da inda za a kai duk suna bakin kogi. Kano ba ta bakin kogi, kuma tan 300 tirela 10 ce kawai, ba za ta cika baji ba.

Mai Taki na Lokoja: Alhaji, bari in ba ka labarin abin da ya same ni, ka auna da kanka. Shekaru kaɗan da suka wuce ni da abokan kasuwanci biyu muka sayi taki a yankin Neja Delta, muka yi shawarar haurowa da shi ta ruwa zuwa Lokoja, daga nan motoci su raba shi Nasarawa da Neja kafin manoma su fara nema. Kamfanin da muka yi jinga da shi ya ce kwana goma sun isa, kuɗin da ya yanka mana kuma ya yi ƙasa da na tirela nesa ba kusa ba, har muka ga kamar mun gano abin da sauran 'yan kasuwa ba su gano ba. Kuskurenmu shi ne lokaci. An gama lodi a ƙarshen Fabrairu, lokacin da ruwa ya riga ya janye, tuddan yashi suka fito a tsakiyar kogi. Mun wuce Onitsha lafiya, amma kafin Idah bajin ya hau kan yashi ya zauna. Matuƙin ya san kogin, sai dai ya ce hanyar da ya bi bara ba nan take bana ba, domin kowace ambaliya tana kwashe yashi daga wani wuri ta jibge shi a wani, kuma a wannan yankin ba mu ga alamar da ke nuna inda zurfi yake ba. Sai da muka yi hayar manyan kwale-kwale da 'yan dako suka rage lodin kafin bajin ya taso, muka sake mayar da wani sashe, sauran kuma muka nemo motoci suka kwashe daga gaɓa a farashin da suka ga dama, tun da sun san ba mu da zaɓi. Kwana goma suka koma kusan sati shida. Buhunan da suka yage a sauke-ɗora da waɗanda suka sha danshi suka dunƙule sun cinye duk abin da muka yi zaton mun rage, kuma da muka koma kan takardar yarjejeniya sai muka tarar ba ta ce komai a kan jinkirin ƙarancin ruwa ba, inshorar ma ba ta shafe shi ba. Ban ce ruwa ba hanya ba ce. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da Kwara da Binuwai suka cika, da zan sake gwadawa da siminti ko dutse. Amma riɗinka yana fitowa ne bayan kaka, daidai lokacin da ruwan yake komawa, kuma ka fi ni sanin abin da danshi yake yi wa riɗi da abin da mai saye zai ce idan ya buɗe kwantena ya ji wari.

Ɗan Dawanau: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Wannan bayani ya yi mini amfani ƙwarai.

Baba Tsohon Reluwe: 'Ya'yana, abin da kuke tattaunawa shi ne tsarin da Turawa suka fara da shi. Layin dogon da ya fara isa Kano a 1911 daga Baro ya taso, ba daga Legas ba, domin an shirya jirgin ƙasa ya kai kaya bakin Kwara, jirgin ruwa ya ƙarasa da su teku. Da aka haɗa layin da na Legas, sai yawancin gyaɗa da auduga da fata suka koma bin dogo kai tsaye, saboda dogo ba ya jiran damina. Ruwa bai taɓa yi wa Kano aiki shi kaɗai ba sai da dogo a bayansa, kuma reshen Minna zuwa Baro ya daɗe da daina aiki.

Ɗan Agaie: Baba, duk da haka tashar Baro tana nan, an gina ta, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ita a Janairun 2019, kuma tun 2009 aka fara yasar kogin daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. Abin da ya tsayar da ita shi ne hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa Baro da aka daɗe ana jira. Ba daidai ba ne a riƙa maganar Baro kamar wurin da ba shi da amfani.

Mai Taki na Lokoja: Ba wanda ya raina Baro, ɗan'uwa, amma ita tana sama da mahaɗar Kwara da Binuwai, ruwan da ke isa gare ta kuma ya dogara da abin da madatsun Kainji da Jebba suka saki. Lokoja ce take samun ruwan koguna biyu, a nan hedikwatar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, take, kuma babban titin Abuja ya ratsa ta. Ita ya kamata a fara gamawa.

Ɗan Agaie: Wannan babban titin ne ambaliyar 2012 da ta 2022 suka shafe a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Kowane wuri yana da nasa rauni.

Injiniya: Ku duka biyun kuna da hujja, amma yasa ba aikin da ake yi sau ɗaya a tafi ba ne. Idan ba a maimaita ta a kai a kai ba, yashi zai koma inda aka kwashe shi, ko a Baro ko a Lokoja. Kuma ko bajin ya sauka lafiya, manyan jiragen kwantena sun fi zuwa Apapa da Tin Can da Lekki da Onne, saboda mashigar Escravos da ke kaiwa Warri ba ta da zurfin da suke buƙata.

Malam na Garwa: A wajenmu a Kamaru ma haka ne. Iyayenmu suna ba da labarin jiragen da suke haurowa Binuwai har Garwa su ɗauki auduga, amma a 'yan makonnin cikar ruwa kawai, wajen Agusta da Satumba. Yanzu kayanmu mota ke kai su Ngaundere, jirgin ƙasa ya wuce da su Duwala.

Hajiya Mai Zoɓo: To, Baba, shi jirgin ƙasan namu fa? Na ji ana cewa ana ɗaukar kwantena.

Baba Tsohon Reluwe: Hajiya, layi biyu ne kuma faɗinsu ba ɗaya ba ne, taragon wannan ba ya hawa wancan. Sabon layin da aka buɗe a 2021 yana ɗaukar kwantena tsakanin Apapa da Moniya a Ibadan, amma bai haɗu da na Abuja zuwa Kaduna ba. Tsohon layin shi ne yake zuwa Kano ta Ilorin da Jebba da Minna, kuma yana yawan tsayawa idan ruwa ya yanke shi, musamman a yankin Mokwa. Duk wanda zai bi shi, ya je da ƙafarsa ya tambayi ranar da jirgin kaya na ƙarshe ya tashi da ranar da ya isa, kada ya tsaya a kan farashin da aka rubuta masa.

Sarkin Direbobi: Ana ta kukan tsadar tirela, amma ba a lissafa dizal da taya da shingayen karɓar kuɗi da ke kan hanya tun daga Kano har Legas, ga kwanakin da mota take yi a layin shiga tasha. Shawarata ga Alhaji ita ce ya nemi motocin da suka kawo kaya Kano daga Legas za su koma ba lodi, domin su sukan sassauta farashi. Ya kuma cika kwantenarsa a tashar tsandauri ta Dala ko ta Kaduna, kwastan su duba su rufe a nan, ya rage wa kansa tsayuwar Apapa.

Hajiya Mai Zoɓo: Ana samun kwantenar da babu kaya a Dala cikin sauƙi kuwa? Bara sai da na jira ta taso daga Legas.

Sarkin Direbobi: Ya danganta da kamfanin jirgin da kika yi rajista da shi, Hajiya. Ki fara tambayar wakilinsu ko suna da ita a Kano kafin ki biya ko sisi.

Ɗan Maraɗi: Mu idonmu yana kan layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Injiniya, idan aka gama shi, da wane faɗi zai haɗu a Kano, sabon ko tsohon?

Injiniya: Da sabon, shi ya sa amfaninsa ga masu fitar da kaya yake rataye da kammala Kaduna zuwa Kano, sannan da gina Ibadan zuwa Abuja.

Ɗan Agaie: Idan za a gina Ibadan zuwa Abuja ta Minna, ya kamata wakilanmu su nemi a haɗa da reshen Baro tun yanzu, kafin a rufe zanen aikin.